Ranar da kogin Dee ya kayar da ɗan Kabi

Ni ɗan Argungu ne. Na fara da faɗin haka ne don mai karatu ya san irin girman kan da na shiga ruwan nan da shi. Tun ban yi wayo sosai ba nake iyo a gulbi. Kawuna masunci ne, a gindinsa na koyi ɗana fatsa da riƙon homa, kuma ban taɓa jin tsoron ruwa ba sai dai tsoron bulalar Inna idan na dawo da jajayen idanu. Saboda haka da wani abokin aikina, Bature ɗan Sikotlan da ya girme ni da kusan shekara ashirin, ya ce mini suna da gurbin mutum ɗaya ranar Asabar a kogin Dee, ko zan zo in gwada kamun kifin salmon, ban tsaya dogon tunani ba. A raina cewa na yi, yau za su ga ɗan ruwa.

A watan Mayu ne. Mun bar birnin Aberdeen na Sikotlan wajen ƙarfe takwas, muka miƙi hanyar yamma da ke bin gaɓar kogin zuwa Banchory, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba. A hanya ya yi ta yi mini bayanin tsarin wurin, ni kuwa ina ta mamaki. A Sikotlan 'yancin kama salmon dukiya ce kamar gona ko gida, ana saye, ana sayarwa, ana gado. An yanyanka kogin kashi-kashi, kowane kashi da mai shi, kuma da adadin mutanen da aka yarda su yi kamu a rana. Ba ka buƙatar lasisin gwamnati kamar a Ingila, amma in ba ka da rubutaccen izini daga mai wurin ka jefa ƙugiya, laifi ka yi. Ranar Lahadi kuwa doka ta hana kama salmon kwata-kwata. Sai da muka kusa isa ya ƙara da wadda ta fi ba ni dariya: duk kifin da aka kama a Dee, mayar da shi ruwa ake yi. Na ce, to me za mu je yi? Ya ce in bari mu isa.

Kowane kashi na kogin yana da mai kula da shi, suna ce masa gili. Shi ya san kowane dutse da kowane gurbi, shi ke raba wa mutane wurin tsayuwa, shi ke kwaso kifi da koma idan an kama. Namu wani dattijo ne gajere mai jar fuska, magana ɗaya-ɗaya, Turancinsa ma sai na kasa kunne sosai nake tsintar rabi. Tun ganin farko na laƙaba masa Sarkin Ruwa a zuciyata, domin aikin nasu ya yi kama: a wurinmu ma ba mai shiga gulbin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Abin da ya fara yi, kafin ma mu gama gaisawa, shi ne fesa wa takalman kowa da komar kowa magani. Akwai wata ƙwayar cuta mai manne wa fatar 'ya'yan kifi da ta kashe salmon a koguna da yawa na ƙasar Nowe tun daga shekarun 1970, har sai da aka zuba guba a wasu kogunan aka kashe kifin da ke ciki duka don a rabu da ita. Ba ta shigo Birtaniya ba, kuma jiƙaƙƙen takalmi ɗaya ya isa ya kawo ta.

Daga nan aka shiga yi mini shiri kamar ango. Wandon shiga ruwa, wanda ke tasowa daga tafin ƙafa har ƙirji, ruwa ba ya ratsa shi. Takalmi mai ƙusoshi a ƙasa. Ɗamara a ƙugu, wadda dattijon ya ja da hannunsa har sai da na ce wayyo; ya ce ita ke hana ruwa cika wandon farat ɗaya idan mutum ya faɗi. Tabarau da hula, ba don gayu ba, don ƙugiya ce za ta riƙa wucewa kusa da fuskata a guje. Sandar dogarawa mai nauyi a gindi, da igiya a rataye a kafaɗa. Sai ya ɗauko wata aba siririya kamar an naɗe rawani, ya nufo wuyana da ita.

Na ce mene ne wannan? Ya ce rigar ceto ce. A cikinta akwai 'yar kwalbar iska. Idan ruwa ya taɓa wani ɗan abu da ke jikinta sai ya narke, allura ta huda kwalbar, rigar ta kumbura da kanta. Na yi murmushi na ce ya bar ta kawai, ni na iya ruwa, a bakin gulbi aka haife ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Ɗana, ban tambaye ka ko ka iya iyo ba. In ba za ka sa ba, ga benci can, akwai shayi.” Abokina ya kau da kai yana dariya. Na sa. Ya ɗaure ta a kan rigar sanyina, ba a ƙarƙashi ba, ya zagayo da wani maɗauri ta tsakanin ƙafafuna ya ɗalle. Na ji kaina kamar jakin da aka yi wa mangala.

A bakin ruwa ya tsoma ma'aunin zafi, ya ce 46. Tsofaffinsu har yanzu da tsohon ma'auni na Fahrenheit suke lissafi; a namu kusan digiri 8 ke nan. Ya tsinci wani ɗan kara ya soka daidai inda ruwa ya tsaya a kan tsakuwa, ya ce in riƙa waiwayen karan nan. Na ce to, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Rana ce fes, ba ko ɗigon hadari.

Sa'a guda cur ya ɗauka yana koya mini tafiya. Tafiya fa, ni da ɗana na fari ya shiga makaranta. Amma ina sa ƙafa na gane ba irin ruwan da na sani ba ne. Ƙasan gulbinmu yashi ne da laka, ƙafarka na nutsewa ta kama. Ƙasan Dee duwatsu ne mulmulallu, wasu kamar kankana, wasu kamar tulu, duk gansakuka ta lulluɓe su kamar an shafa musu sabulu. Sannan ruwanmu ja ne, ba ka ganin komai, don haka ƙafa ce idonka, kuma ba ta yi maka ƙarya. Na nan garau yake, kana hango kowace tsakuwa, sai ido ya ce maka iyakarsa gwiwa, ka taka ka ji shi a cinya. Hasken da ke karyewa a cikin ruwa ne ke ɗago ƙasan ya nuna maka shi kusa.

Ya ce kada in ba wa ruwa gabana ko bayana, in ba shi gefe, don abin da zai tura ya ragu. Kada in ɗaga ƙafa, in ja ta a ƙasa tana lalube. Kada in haɗa ƙafafu wuri ɗaya, kada in gitta ɗaya a kan ɗaya. Kada in hau kan dutse, in taka tsakanin duwatsu, amma kuma kada in cusa ƙafa inda ba za ta fito ba. Ƙafa biyu da sanda uku ke nan. A kowane lokaci biyu su kasance a kafe, ɗaya kaɗai ke motsi. Sanda ta fara zuwa ta tambayo, sannan ƙafa ta bi. Ya nuna mini wani farin dutse a tsakiyar ruwa ya ce iyakata ke nan, kuma kada ruwa ya wuce mini cinya. A ƙarshe ya faɗi abin da zan yi idan na faɗi: in rufe baki, in kwanta rigingine, ƙafafu su yi gaba wajen da ruwa ya nufa, hannuwa a shimfiɗe gefe-gefe, kada in ɗaga su sama, kada in yi kokawa da ruwa, kada in yi yunƙurin tsayawa sai na ji bayana na gogar ƙasa. Ya sa na maimaita masa sau biyu kamar ɗan makarantar allo. Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba.

Jifan ma wani karatu ne. Sandar kamun ta fi mita huɗu, da hannu biyu ake riƙe ta. Ba tana, ba gari, ba komai a bakin ƙugiya sai gashin tsuntsu da zare mai launi da aka ɗaure, suna ce masa ƙuda ko da yake bai yi kama da kowane ƙuda da na sani ba. Shi kansa ba shi da nauyi, nauyin zaren ne ke kai shi. Salon jifan daga kogin Spey ya samo suna, inda itatuwa da tudun gaɓa suka hana mutum wurga zare ta bayansa: sai ka ɗago zaren, ka ajiye bakinsa a kan ruwa kusa da kai, ka lanƙwaso sauran a gefenka kamar cikin baka, ka tura gaba. A hannun dattijon zaren na miƙewa ne kamar an shimfiɗa tabarma. A hannuna kuwa sau uku yana naɗe mini wuya, sau ɗaya ƙugiyar ta ɗauke mini hula. A nan na daina jin haushin tabarau.

Da hannuna ya ɗan faɗa, sai aka sa ni a kan gurbi. Ka jefa a karkace zuwa ƙasa, ka bar ruwa ya jawo ƙudan a hankali ya ratsa gurbin har ya dawo ƙasanka, ka matsa taki ɗaya, ka sake jefawa. Haka za ka yi ta yi har ƙarshen gurbin. Aikin ke nan, wuni guda. Akwai wani Bature mai suna Arthur Wood da ya yi kamu a Cairnton, nan kusa da Banchory, daga 1913 zuwa 1934, ya kama salmon fiye da 3,000, shi ya yaɗa dabarar shafa wa zare maiƙo don ya yi yawo a saman ruwa da ɗan ƙaramin ƙuda. Da aka ambaci 1934 na ce ai shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu ke nan, aka yi masa bikin kamun kifin da ya zama na shekara-shekara. Dattijon ya tambaye ni mutum nawa ke shiga ruwa a bikin. Na ce dubbai, a lokaci ɗaya. Ya yi shiru, ya dubi gurbinsa da mutum huɗu kaɗai aka yarda su taɓa, bai ce komai ba.

Ya gargaɗe ni tun farko cewa idan na ji an ja, kada in fizga. Salmon kan ɗauki ƙudan ne ya juya da shi zuwa makwancinsa, juyawar nan ce ke kafa ƙugiya a gefen bakinsa. In ka yi saurin fizga, daga bakinsa za ka zare ta. Ya ce mutanen da sukan ce a yi wa sarauniya addu'ar tsawon rai tukuna sannan a ɗaga sanda, ni in nemi abin da zan faɗa da harshena. Na ce zan yi Bisimilla cikakkiya. Wajen sha biyu saura, zaren ya yi nauyi, aka ja shi a hankali sau biyu kamar yaro na jan gefen riga. Wace Bisimilla! Hannun da ya saba da tarwaɗa ya riga ni, na fizga da ƙarfina. Na ga walƙiyar farin ciki a ƙarƙashin ruwa, zaren ya dawo fayau. Dattijon ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar.

Da rana muka koma 'yar bukkar katako da ke gaɓa. Na yi alwala da ruwan kogin, yatsuna suka ƙage kafin in kai ga wanke ƙafa, na yi azahar a kan ciyawa. Wurin cin abinci ne na samu amsar tambayata ta cikin mota. Kifin nan a tsakuwar ƙananan rafuka na kan tudu ake ƙyanƙyashe shi. Ya yi shekara biyu ko uku a nan bai fi tsawon yatsa zuwa tafin hannu ba, sannan jikinsa ya rikiɗe ya yi fari, ya gangara teku. Wasu su yi kiwo a tekun Nowe da kewayen tsibiran Faro, wasu har yammacin Girinlan. Bayan shekara ɗaya, biyu ko uku ya juyo, ya nemo kogin da aka haife shi, ƙamshin ruwan na yi masa jagora. Daga ranar da ya shigo ruwan daɗi ya daina cin abinci, ko da zai yi wata shida kafin ya zuba ƙwai a ƙarshen shekara. Wato kifin da muke wa tayin ƙuda azumi yake yi. Abin da ke sa shi kai wa gashin tsuntsu cafka, ko haushi ne ko tsohuwar al'ada, su kansu masu kamun gardama suke yi a kai.

Kuma yana ƙarewa. A ƙarshen 2023 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa salmon na Birtaniya a jerin masu fuskantar ɓacewa. Mafi yawan waɗanda ke fita teku yanzu ba sa dawowa. A kan tudu kuma rafukan da 'ya'yan ke girma suna zafi da bazara fiye da yadda jikinsu ke ɗauka, shi ya sa masu kula da Dee suka ɗauki aikin dasa itatuwa miliyan ɗaya don su yi wa ruwan inuwa. Tun 2002 aka hana sayar da salmon da aka kama da ƙugiya a Sikotlan. Yawancin wanda kake gani a kanti na kiwo ne. A bangon bukkar akwai tsohon hoton Georgina Ballantine da kifin da ta kama a kogin Tay a 1922, mai nauyin kilo 29, wanda har yau ba a kama salmon da ya fi shi da sanda a Birtaniya ba. Na so in ce musu giwan ruwanmu na ninka wannan, sai na tuna ni ko na kilo ɗaya ban fitar ba, na ja bakina.

Sun kuma nuna mini wani zane a jikin itace, sama da kaina, inda ruwa ya kai a ambaliyar ƙarshen Disambar 2015, wadda ta shiga ɗaruruwan gidaje a garin Ballater da ke bakin kogin, ta cinye wani yanki na babbar hanya, ta kwashe bukkokin masunta da dama. Dattijon ya ce bayan ruwan nan sai da ya sake koyon kogin daga farko, don gurbin da ya sani shekara da shekaru ya cike, inda yake takawa da ido rufe ya zama rami. Dee daga duwatsun Cairngorm yake tasowa, sama da mita 1,200, ya yi tafiyar kilomita 140 zuwa teku. A watan Mayu akwai sauran ƙanƙara a can sama. In ruwan sama ya sauka a kanta, sai bayan sa'o'i ƙaruwar za ta iso inda muke, rana na haskawa a kanmu. Ya duba wayarsa, domin hukumar muhalli tana da ma'aunai a kan kogin da ake gani ta intanet, ya ce na sama ya fara motsi, mu yi hankali da yamma.

Na ji, amma hankalina na kan farin cikin nan da na gani.

Bayan abinci dattijon ya tafi da sauran mutum biyu gurbin sama, ya bar ni da abokina a ƙasa, tsakaninmu kamar taki sittin. Wajen ƙarfe uku kifi ya yi tsalle can gaban farin dutsen, ya faɗo da ƙara kamar an jefa turmi. Na jefa, zarena bai kai ba. Na matsa. Ya sake nunawa. A ƙarƙashin ƙafata akwai wani tudun tsakuwa mai daɗin takawa, siriri kamar kunyar gona, ya miƙe zuwa tsakiyar kogi yana gangarawa. Na bi shi. Ruwa na tura ni ta baya, tafiyar ba wuya ko kaɗan, kuma abin da ya kamata ya ba ni tsoro ke nan. Na wuce farin dutsen ban ko dube shi ba. Sandar dogarawar ma na sake ta tana jan ruwa a bayana, don hannuwana biyu na kan jifa.

Abin da ya fara dawo da ni hayyacina ganye ne. Ganyaye da 'yan ƙirare sun fara wucewa ta gabana, ruwan da ke garau ya koma kalar shayi marar madara. Na waiwaya neman karan da dattijon ya soka. Babu shi, ruwa ya shanye. Ruwan da ke cinyata ya kai ƙugu, tsakuwar da nake kai kuwa tana zarewa daga ƙarƙashin dugadugaina, ina ji. Gabana zurfi, dama da hagu zurfi. Hanya ɗaya ce, in koma ta inda na zo, wato in tunkari ruwan da ya kawo ni.

Da na tsaya na jawo sandata na kafa, na ja da baya a karkace taki-taki, ko na ƙwala wa abokina kira, da wataƙila labarin ya tsaya nan. Kunya ta hana ni kira. Na juya gaba ɗaya kamar mai juyawa a tsakar gida, na gitta ƙafar dama a kan ta hagu. Daidai lokacin da nake kan ƙafa ɗaya, ruwa ya sami faɗin jikina.

Ba faɗuwar ce ta gigita ni ba, sanyin ne. Ban taɓa sanin akwai abu irin wannan ba. Kamar an ɗaure ƙirjina da waya an ja. Bakina ya buɗe da kansa ya ja numfashi, ba da izinina ba, na haɗiyi ruwa. Numfashi ya riƙa fita guntu-guntu, na kasa tsayar da shi. Iyon da nake taƙama da shi ko tunaninsa bai zo mini ba. Hannuwana duka ruwa kawai suke yi. Daga baya na karanta cewa haka jikin kowa ke yi a ruwan da ya gaza digiri 15, gwani da ɗan koyo, kuma minti na farkon nan ne ke kashe mutane da yawa, tun kafin sanyi ya ratsa jiki. Sai na ji fuuu a kunnena, wani abu ya shaƙe mini wuya ya ɗago haɓata sama. Rigar ce ta tashi.

Ina ganin sama sai karatun safe ya dawo, da muryar dattijon da komai. Na rufe baki. Na saki sandar kamun. Na juya ƙafafuna gaba, na buɗe hannuwa. Wani dutse ya taho, takalmina ya dake shi maimakon kaina, na zagaye shi. Sau ɗaya ƙafata ta taɓa ƙasa, zuciyata ta ce tashi tsaye, na ƙi. A ruwa mai gudu in ƙafa ta maƙale tsakanin duwatsu, ruwan kifar da mutum yake yi ya danne, ko da bai kai ƙirji ba. Na hango abokina yana gudu a gaɓa yana nuna mini wani lungu da hannu. Na riƙa tuƙi da tafin hannu kaɗan-kaɗan zuwa wajen. Gurbin ya kai ni ƙarshensa inda ruwa ya baje, na ji bayana na gogar tsakuwa.

A nan ma na so in miƙe, na kasa. Mutane kan ce wandon nan in ya cika ruwa yana jan mutum ƙasa. A cikin ruwa ban ji haka ba, ruwan ciki da na waje nauyinsu ɗaya. Wurin fita ne yake zama kaya. Duk da ɗamarar, abin da ya shiga ya isa ya sa ƙafafuna su zama kamar buhunan gero. Da rarrafe na fito, na kwanta a gangaren gaɓa kaina a ƙasa, abokina ya kwance ɗamarar ya ɗaga ƙafafuna, ruwa ya kwararo ta wuyana. Duka abin bai fi minti biyu ba, in ji shi. Nisan da na yi bai kai tsawon filin ƙwallo ba.

Dattijon ya iso yana haki. Na jira faɗa. Bai yi ba. Ya duba idona, ya tambaye ni sunana da ranar da muke, ya tambaya ko na bugu a kai, ko na shaƙi ruwa da yawa. Ya ce in tari ya dame ni ko numfashi ya yi wuya, ko da cikin dare ne, in tafi asibiti. Suka tuɓe mini jiƙaƙƙun kaya a bukka, aka ba ni wandon wani da rigar wani, aka lulluɓe ni da bargo. Karkarwa ta hana ni riƙe kofi, sai da abokina ya riƙa ba ni shayin a baki. Ɗaya daga cikin mutanen ya zaro 'yar kwalbar giya daga aljihu, kafin in ce ba na sha dattijon ya riga ni, ya ce a mayar, giya ba ta ɗumama wanda ya faɗa ruwa, ƙara fitar masa da zafin jiki take yi. Sandar kamun kuwa, wadda aro ce, an tsince ta a maƙale a reshe can ƙasa, ba ta karye ba. Na fi jin daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

Ya hana kowa sake shiga ruwa, ya ce a yi jifa daga gaɓa. Farkon ƙaruwar ruwa kan motsa kifi, kuma haka aka yi: wajen huɗu da rabi sandar abokina ta lanƙwashe. Na fito da bargona na tsaya kallo. Minti goma suna fama, kifin ya yi tsalle sau biyu, faifan zaren na ƙara. Dattijon ya zura koma marar ƙulli, irin wadda ba ta kankare ɓawon kifi, ya tare shi, amma bai fitar da shi daga ruwa ba. Na durƙusa na leƙa. Bayansa shuɗi-shuɗi mai duhu, gefensa fari kamar sabon kwano, da 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe. Kusa da wutsiya akwai wasu ƙwari guda uku manne da shi. Dattijon ya nuna su da yatsa ya ce ƙwarƙwatar teku ce, ba ta daɗewa a ruwan daɗi, wato kifin nan bai fi kwana ɗaya ko biyu da barin teku ba. Ya ƙiyasta shi kilo huɗu. Ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar da ɗan hantsaki, ya ce mini, “Zo, ɗana, kai za ka sake shi.”

Na sa hannu ɗaya a ƙarƙashin cikinsa, ɗaya a gindin wutsiya, na fuskantar da kansa wajen da ruwa ke zuwa kamar yadda aka ce. Sanyin ruwan ya sake cizon yatsuna. Ina jin marfin kunnuwansa na buɗewa suna rufewa, a hankali, sannan da ƙarfi. Mu biyu duk numfashi muke nema. Can ya murɗa jiki sau ɗaya, ya fice daga hannuna.

Kafin mu tafi dattijon ya warware kwalbar iskar daga jikin rigar, 'yar ƙarama mai gram 33 da huda a bakinta, ya miƙo mini. Na zaro kuɗi zan biya ta sabuwa, ya karɓa ba musu.

Da dare na kira gida. Inna ban gaya mata komai ba, na ce mun je yawon buɗe ido. Kawu na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara bai katse ni ba har na kai wurin da na ce wa dattijon na iya ruwa. Ya ce, “Kai, yaro! Ni da na tsufa a gulbi, ka taɓa ganin na shiga zurfi ba gora a ƙirjina?” Na ce a'a, Kawu. Ya ce to. Sai ya tambayi kifin, nawa muka samu, yaya aka raba. Na ce ɗaya ne, kuma mun mayar da shi ruwa.

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan na ji yana kiran maƙwabcinsa, yana cewa ya zo ya ji abin da ɗan ƙanwarsa ya tsallaka teku ya je yi.